Shekarar Da Baba Ya Hana Ni Shiga Rijiya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin yasar rijiya kafin ƙirjina ya ba ni kunya. Mu huɗu ne muke yawo tare, daga ƙauyukan Mayahi zuwa na Tasawa, duk inda rijiya ta cika da yashi ko ta fara ba mata laka maimakon ruwa. Akwai ubangidanmu, dattijon da ya koya mana aikin, muna ce mashi Baba. Akwai wani mutumin arewa mai raƙumi, raƙuminsa ke jawo wasakin yashi daga ƙasa, shi ne kuma mai dafa mana shayi. Sai ni da abokina ɗan garin Hawandawaki. Mu biyu ne masu shiga ciki. In ɗaya ya sauka, ɗayan ya tsaya a baki yana lura da igiya, in ya gaji a yi canji.

Taba kuwa tun ina kolej a Tasawa na fara ta, a bayan katangar lakkwal, wato makarantar, kara ɗaya mu uku. Na bar karatu, ita ban bar ta ba. A lokacin da nake ba da labari, pake guda, wato kwali ɗaya, ba ya kai mani kwana biyu. Abokina ma yana sha, amma bai kai ni ba.

Da bazara ne, lokacin da ruwa ke ja baya aikinmu ya yi yawa. Muna wani ƙauye gabas da Urafane, rijiyarsu ta kai gaba ashirin da biyar. Na sauka da hantsi kamar kullum, zaune a kan ɗan icen da ake ɗaurawa a bakin igiya. Na cika wasaki huɗu lafiya lau. A na biyar, ina duƙe da felun kwasar yashi a hannu, sai numfashi ya ƙi shiga. Na buɗe baki, na ja, abin da ya shiga bai kai ya ƙosar da ni ba. Na sake ja. Na ɗaga kai na dubi sama, bakin rijiyar can nesa bai fi faifai ba, ga kan abokina a gefe yana leƙowa. Na so in kira shi, murya ta ƙi fita. Sai na kama igiya na girgiza sau uku, alamarmu ta a fito da mutum.

Raƙumi ba ya gaggawa. Ban taɓa sanin tsawon wannan hanya ba sai ranar. Ina tafiya sama a hankali, ina tari, ina ganin wasu ɗigo-ɗigon baƙi a idona, ina ta gaya wa hannuwana kada su saki. Da na iso, abokina ya rungumo ni ta ƙarƙashin hammata ya ja ni gefe, na kwanta a yashi kamar buhu.

Da na samu magana na ce, "Iskar ciki ta lalace, Baba. Kada kowa ya sauka."

Hakan yana faruwa, kuma ya kashe mutane. Baba bai yi musu ba. Ya sa aka kawo fitilar ƙwai daga cikin gari, ya kunna, ya ɗaura ta a siririyar igiya ya zura. In iska ta lalace, fitila mutuwa take yi kafin ta kai ƙasa. Muka leƙa gaba ɗaya. Ta sauka har ƙasa, ta zauna a kan yashi tana ci abinta. Ni kaɗai a wurin nake addu'ar ta mutu.

Baba ya tuɓe rigarsa, mutumin da ya haifi kamata, ya zauna a kan icen ya ce a sauke shi. Ya cika wasaki bakwai, ya fito yana haki irin na wanda ya yi aiki, ba irin nawa ba. Ya sha ruwa, ya wanke fuska, sannan ya zo ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Ba iskar rijiya ba ce, ɗana. Ka sani, na sani."

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Tun bara nake jin tarinka da asuba. Daga yau ba ka ƙara sauka. Ka tsaya a baki, ka zubar da yashi. Ranar da ka rabu da abin nan na aljihunka, mu sake magana. Ba zan je gidanku in gaya ma matarka na zura ka na fito da gawa ba."

Ranar kasuwar Urafane na tafi gidan likita. Babban ma'aikacin wurin, wanda muke ce ma majo, ya ɗora mani abin sauraro a baya, ya ce in ja numfashi, in sake ja. Ya daɗe yana saurare. Ya ba ni 'yar roba in tofa kaki a ciki, ya ce za a aika Tasawa a duba ko tarin fuka ne, in dawo kasuwa mai zuwa. Ƙanin mahaifina tari ne ya kashe shi, na ga yadda ya rame har zoben hannunsa ya riƙa zamewa. Kwana bakwai ɗin nan na yi su ina duba abin da na tofar, ina auna wuyan hannuna da yatsu. Abin kunya, a makon nan na fi shan taba fiye da kowane mako, don duk lokacin da tsoro ya taso ita hannuna ke nema.

Ba a samu tarin fuka ba. Majo ya ce, "Ka gode ma Allah. Amma ƙirjinka na mai shekara sittin ne, kai kuwa ba ka kai arba'in ba. Ba ni da ƙwayar da za ta gyara wannan in kana ci gaba da hura mashi hayaƙi." Ya kuma ce mani kwanakin farko za su yi wuya, in nemi wanda zai tsaya mani, kada in yi ni kaɗai.

Ban nema ba, shi ya kawo kansa. Da yamma muna zaune gindin wani gawo, mai raƙumi yana hura gawayin shayi, sai abokina ya zaro birikensa na kunna taba ya miƙa mashi.

Ya ce, "Riƙe, ka riƙa kunna gawayi da shi." Ya juyo gare ni. "Kawo naka."

Na ce, "Kai me ya same ka? Ai ba kai aka hana sauka ba."

"Shi ya sa. Yanzu ni kaɗai nake sauka, safe da yamma. In nawa ƙirjin ya yi irin naka, wa ya rage? Baba? Kawo, ɗan uwa. Mu bar taba tare, ko ka samu ka dawo ka karɓi rabonka na aikin."

Na miƙa. Na ce mu rantse da Alƙur'ani, Baba ya hana. Ya ce in muka rantse muka karya, za mu ɓoye ma juna, kuma ɓuyan ya fi shan muni. Abin da ya shimfiɗa mana kaɗan ne: kowace safiya bayan sallah, ɗaya ya tambayi ɗaya, "Jiya fa?" a faɗi gaskiya ko wace iri ce. In abin ya taso ma mutum da rana, kada ya tashi ya bar wurin shi kaɗai, ya faɗa.

Ban san yawan wuraren da taba ta zauna a cikin yinina ba sai da na cire ta. Bayan fura akwai ta. Bayan kofin shayi na farko akwai ta. In an gama cika wasaki ana jiran raƙumi ya juyo, akwai ta. Hannuna sai ya tafi aljihu da kansa, ya tarar da wayam, ya dawo. Muka sayi aya tiya guda muka raba, muna tauna har muƙamuƙi ya yi ciwo. Abokina ya koma asuwaki, yini yake da shi a baki. Mai raƙumi shi taba-gari yake ci da kanwa, tun yana saurayi. Bai ce zai bari ba, amma daga ranar bai ƙara buɗe 'yar jakarsa a gabanmu ba, sai ya zaga bayan raƙuminsa. Rana ta uku na bi shi can na ce ya ɗan sam mani in sa a baki, ai ba hayaƙi ba ne. Ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce, "A'a. Wannan da waccan uwarsu ɗaya. Koma wurin ɗan uwanka."

Na zama mai faɗa. Na yi wa wata mata tsawa don ta matso da tulunta kusa da igiya, har Baba ya je ya ba ta haƙuri. Kaina kullum kamar an cusa mashi auduga. Ana mani magana ina kallon bakin mai maganar, ban san me ya ce ba.

Rana ta shida abin da nake tsoro ya faru, ta hanyar da ban zata ba. Mun koma wata rijiya kusa da garin Sarkin Hausa. Abokina yana ƙasa, ni ina baki. Dokar aikinmu ta farko, wadda ake koya wa mutum tun kafin a ba shi igiya, ita ce kada komai ya zauna a bakin rijiya, ko da tsakuwa ce. Wasaki ya iso, na jawo shi gefe, ban lura akwai guntun siminti da ya ɓalle daga ginin ƙasan rijiyar a saman yashin ba. Hankalina yana can wurin wani mutum da ya wuce da taba a baki, iska ta kawo mani ƙamshin. Wasakin ya karkace, guntun ya gangara, ya bugi gefen rijiya, ya tafi.

Na yi ihu, "Kai! Kauce!"

Sai na ji ƙara a ƙasa, sannan shiru.

Ban san tsawon shirun nan ba. Na kwanta a kan cikina ina kiransa, muryata tana dawo mani. Baba ya ture ni ya kama igiya. Can sai igiyar ta motsa, sau uku.

Ya fito da jini a riga. A kafaɗa ya same shi, ya yanke fata, ƙashi bai karye ba. Da ya matsa taƙi ɗaya da a tsakar kai ne. Baba ya wanke wurin ya ɗaure da tsumma mai tsabta, aka ɗora shi a amalanke zuwa gidan likita aka ɗinke. Duk tsawon hanya ina bin amalanken a ƙasa, na kasa haɗa ido da shi.

Da muka dawo na ce masu na gama. Na ce, "Lokacin da nake sha ban taɓa sakin ko tsinke a kan mutum ba. Gara ƙirjina ya ruɓe da in kashe ɗan wani. Ku ba ni birikena." Kuma har ga Allah na yarda da abin da nake faɗa.

Abokina yana jingine da ice, hannu a rataye. Ya ce, "To in ka koma yau, wannan kafaɗar tawa ta tafi a banza ke nan."

"Zan iya sake yi."

"Za ka iya. Shi ya sa Baba zai ɗauke ka daga baki. Ko ba haka ba, Baba?"

Haka aka yi. Mako biyu ni ke jan akalar raƙumi, in tafi in dawo a kan layi ɗaya cikin rana, mai raƙumi ya koma baki, Baba da kansa yana sauka har kafaɗar ta warke. Mata masu jiran ruwa suna kallona, wasu sun san ni da shiga rijiya. Na ji kunya ƙwarai. Amma tafiyar nan ta yi mani amfani, in abin ya taso sai in ƙirga sawun raƙumi har ya lafa. A nan na gane cewa yana lafawa. Yakan zo kamar zai tsaga ni, in na daure gwargwadon zuwa da dawowa biyu sai ya sassauta.

Da ruwan farko ya sauka muka watse, kowa ya nufi gonarsa. Nan ne na fi jin tsoro, don babu mai tambayata da safe. Muka shirya da abokina mu riƙa kiran juna bayan la'asar. A ƙauyenmu wayar salula ba ta kamawa sai an hau wani tudu bayan makabarta, to kullum sai in ajiye hauya in hau can. Maganar ba ta da tsawo. "Jiya fa?" "Lafiya. Kai fa?" "Lafiya." Sai mu ɗan taɓa zancen gero da tsutsa, mu kashe. Maiɗakina ta lura da lokacin, in na shagala sai ta ce, "Maigida, ba ka hau tudu ba yau." Ita ce kuma ta gaya mani tarin asuba ya ragu, ni ban lura ba.

Wajen noma na biyu sai abokina ya daina ɗaukar kira. Kwana ɗaya na ce caji ne. Kwana biyu na ce ruwa ya hana shi fita. A na huɗu ya ɗauka, kafin in yi tambaya ya ce yana cikin mutane, zai kira. Bai kira ba. Na riƙa tsayawa a kan tudun nan ina jin ƙarar shiga har ta yanke, ina saƙa abubuwa: ko kafaɗar ce ta tashi, ko ya yi fushi da ni daga baya, ko wani nasa ya rasu. Ainihin abin da nake zato kuwa ban yarda na faɗa ko a zuciyata ba, domin in shi ya faɗi, shi da bai kai ni sha ba, ni mene ne nawa?

Ranar kasuwar Tasawa na hau kabu-kabu na tafi, na san ba ya fashin ta. Na same shi a layin masu sayar da igiya. Tun kafin mu gama gaisawa na ji warin a rigarsa, ga kuma shatar pake a aljihun gaba. Ya ga inda idona ya tsaya.

Ya ce, "Kwana tara ke nan. Gayya muka yi a gonar surukina, aka zauna hutu, wani ya miƙo mani. Ban ma yi tunani ba, sai na gan ta a bakina. Na ce ɗaya ce. Washegari na sayi biyu."

"Me ya hana ka faɗa mani?"

"Kunya. Da tsoron kada in ja ka."

Abin da na ji a lokacin ba baƙin ciki ba ne, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro in na tuna. Sauƙi na ji, kamar an buɗe mani ƙofa. Bakina ya cika da yawu. Na miƙa hannu na ce, "To ba ni ɗaya. Tare muka fara, mu ƙare tare."

Ya dafe aljihunsa. "Ba zan ba ka ba."

"Kai kana sha, ni ka hana ni?"

"Ina sha, kuma na hana ka."

Na juya na bar shi. Akwai mai tebur a bakin layin, na tsaya na ce a ba ni kara ɗaya. Na karɓa. Mai teburin ya miƙo mani birike, sai na ji abokina a bayana yana cewa, "Malam, dakata da wutar nan." Ya zagayo gabana. Bai fizge ba, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "In za ka kunna, kunna ina kallo. Amma ka ji wannan tukuna. Ta farkon ba ta da daɗin da kake tunani. Jiri na ji, na zaga bayan rumbu na yi amai. Wata uku na zubar a kan abin da ya sa ni amai. Yau da asuba na yi tari irin naka na da. Ni ne zan sauka bayan kaka, da wannan ƙirjin, in kai ba ka dawo ba. Ina jin tsoro, ɗan uwa. Ina buƙatar ɗayanmu ya tsaya."

Ban taɓa jin ya ce yana tsoro ba, ko ranar da siminti ya same shi. Muka tsaya a nan, mutane suna ture mu suna wucewa, mai tebur yana riƙe da birike yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Karan ya jiƙe da gumin hannuna. Ina so in ce na jefar da shi cikin jarumtaka, amma ba haka aka yi ba. Tsayawa kawai na yi, ban kunna ba ban kuma ajiye ba, har abin ya ɗan lafa kamar yadda ya saba. Sannan na ɗora shi a kan teburin na ce ma mai shi ya ba wani. Abokina ya raka ni har tasha, bai tafi ba sai da ya ga moton kabu-kabu ya tashi da ni.

Washegari bayan la'asar na hau tudu na kira. Ya ɗauka. Na ce, "Jiya fa?" Ya ce, "Shida." Na ce, "Ni babu." Haka muka ci gaba har aka yanke gero, shi yana faɗin nasa adadin, wata rana huɗu, wata rana goma, ni ina faɗin babu. Akwai ranakun da ba abin da ya riƙe ni sai sanin cewa da yamma zai tambaya.

Bayan kaka muka haɗu a gidan Baba. Ya saurari labarin duka, bai yi wa abokina faɗa ba. Ni kuma bai ce mani madalla ba. Ya fara da ni a wata gajeruwar rijiya cikin fadama, gaba takwas, ya ce wasaki uku in fito. Ina sauka na kasa bambance tsoro da ciwo, duk numfashin da na ja sai na tsaya na auna ko ya isa. Ya isa. Sai da muka yi wata biyu a gajeru kafin ya bar ni na shiga mai zurfi, kuma har yau ba na daɗewa a ƙasa kamar da. Majo ya ce wani abin ya gyaru, wani ba zai gyaru ba.

Shekara uku ke nan ban sa ta a baki ba. Ba na cewa na rabu da ita, domin ko makon jiya wani ya kunna a gabana a cikin motar Mayahi, abin ya taso mani, sai da na roƙi a yi mani canjin wuri. Abokina ya bari ya koma sau biyu bayan wancan. Yanzu yana cikin wata na biyar a karo na uku. Damina ta kusa, surukinsa kuma ya riga ya aiko cewa bana ma akwai gayya. Na gaya mashi ranar zan zo da hauyata in yi noman tare da su, in zauna kusa da shi lokacin hutu. Ya ce daga garinmu zuwa Hawandawaki da nisa, ga yashi. Na ce ya dai sanar da ni ranar da wuri.